Zuwa ga Ummi, Kan Kunun Zaƙi da Maganar Baɗi

Gumel, ranar Laraba.

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Ummina.

Gaisuwa ce daga ɗaki zuwa ɗaki, tunda bango ɗaya ne tsakaninmu, har ina jin ki kina buɗe jakar nan kina rufewa, ki sake buɗewa. Allah Ya yi miki albarka, Ya tsare ki a gida Ya tsare ki a hanya, Ya haɗa ki da mutanen kirki a inda ƙafata ba ta taɓa takawa ba. Kada ki yi mamakin samun takarda daga wadda kuka karya kumallo tare ɗazu. Kin san halina. In na buɗe baki zan faɗi magana mai nauyi, sai in tsinci kaina ina tambayarki ko kin zuba wa kaji ruwa.

Jiya ina kicin ina tankaɗe na ji abin da kika faɗa wa Abbanku. Ba laɓe na yi ba, tagar ce a buɗe. Kin ce a rubuta wa jami'a a ɗaga miki zuwa baɗi, wai ba za ki iya tafiya ki bar ni da ciwon sugan nan ba. Ya ce, "To Ummi, mota fa ran Asabar ce." Kika ce, "Abba, ai karatun ba guduwa zai yi ba." Sai da rariyar ta tsaya a hannuna. Wallahi muryata na ji, irin ta lokacin da nake kamarki, har yadda kika ja ƙarshen maganar. Shi ya sa na zauna zan zayyana miki wautar da na tafka a rayuwa, ɗaya bayan ɗaya, ki karanta ki yi mini dariya in kin ga dama, amma ki kai ƙarshe.

Inna, mai sunanki, Allah Ya jiƙanta, duk unguwarmu a Sule Tankarkar an san kunun zaƙinta. Ba sayarwa take ba, amma ba a suna ba a walima ba a aiko mata da gero ba. Kuma ko ƙwayar suga ba ta sawa. Sirrin yana bayan randa, kan wani tsohon buhu. Takan jiƙa gero ta baza shi, ta lulluɓe da tsumma mai danshi, tana yayyafa masa ruwa safe da yamma har ya fito da 'yan fararen gemu. Sannan ta shanya ta daka. Shi ne tsiro. Har gobe in aka yi ruwan farko ƙasa ta yi ƙamshi, bayan randar nan nake komawa a raina, wurin da ya fi ko'ina sanyi a gidanmu, inda nake raɓewa da littafin soyayya in manta akwai duniya.

Ina da shekara goma sha huɗu matar Kawu ta haihu a Gagarawa. Inna ta yanke a hannu, sai ta ce ni zan haɗa kunun suna. Na sha ganin yadda take yi. A raba gasara biyu, a sheƙa wa rabi tafasasshen ruwa ya yi kauri, a dama ɗaya rabin da tsiro a ajiye gefe, a jira mai zafin ya huce, sannan a haɗe a rufe ya kwana. To ni a ranar akwai littafin aro a hannuna, mai shi ta ce kafin la'asar take so, ga shi an zo daidai inda saurayin ya dawo daga tafiya. Ina sheƙa ruwan, tururi na tashi, na juye tsiron a kai, na juya sau uku na rufe, na ruga bayan randa.

Da safe Inna ta buɗe. Abu ya tsaya cak kamar talge, muciya ma sai ta tsaya a ciki. Ta lakata ta ɗanɗana, ta daɗe tana kallona.

"Hajo, kin kashe shi."

"Wa na kashe, Inna?"

"Tsiron mana, sakarya. Ke in aka tsoma ki a tafasasshen ruwa za ki yi wa wani aiki? Sai kin sa yatsa kin karanta Ƙulhuwa ƙafa uku bai ƙona ki ba, sannan ki haɗa. Sau nawa kika ga na yi?"

Haka muka ɗauke shi zuwa Gagarawa, aka sirka da ruwa aka antaya suga. Wata tsohuwa ta kurɓa ta ce, "Wannan kunun na sha ne ko na yaɓen ɗaki?" Mata suka sa shewa. Inna ta ce tsufa ne ya fara kama ta, hannunta ya lalace. Ba ta ambaci sunana ba. Da ta mare ni a gabansu da ya fi mini sauƙi.

Ummi, shawarar da kika yanke, na san ranar da kika yanke ta. Ranar da na yanke jiki na faɗi a bakin famfo ce, sati biyu da suka wuce, kika bi ni asibiti da takalmi wari da wari. Zuciyarki na tafasa kika juye karatunki a ciki kika rufe. Ban ga laifinki ba. Amma yanzu abin ya huce, ina tafiya da ƙafata, jiya ni na yi wanki. Ki sake sa yatsa ki ji.

Wauta ta biyu a makaranta na yi ta, kuma ta fi ta farko ciwo don ita babu wanda ya gani.

Malamin kemistirinmu Malam Sabo ne, ɗan gajere, kullum da alli a gefen hularsa. Ni kuwa layin baya nake zama, littafin kemistiri a tsaye, na soyayya a kwance a cikinsa. Wata rana sai warin ƙauri ya sa na ɗago kai. Ashe suga ya zuba a cokali ya ɗora kan wuta. Muna kallo ta narke, ta yi ja kamar alewa, ta koma baƙi ƙirin. Ya ƙona ƙwayar gero, ya ƙona gyaɗa, ya ƙona ɗan yankin kilishi da ya ciro daga aljihu, muka yi ta dariya. Ya jera su a faranti ya ce, "To 'yan mata, wace ce za ta nuna mini gyaɗar?" Babu. Duk baƙi iri ɗaya.

Ya ce wannan baƙin shi ne kabon, kuma duk abin da ya taɓa rayuwa a kansa aka gina shi. Wai hannu huɗu gare shi, ya riƙe ɗan'uwansa da ɗaya ko biyu, ya riƙe haidirojin da oksijin da sauran, wani lokaci da naitirojin, su yi ta sarƙewa. Da 'yan abubuwan nan kaɗan Allah Ya shirya tuwo da nama da man shanu, da ganyen kuka, da gashin idonmu. Na kalli hannuna na kalli farantin. Ban taɓa karanta wani abu a littafi da ya sa tsigar jikina ta tashi irin na ranar ba, kuma kin san na karanta da yawa.

Daga nan ya ce a jikin duk mai rai akwai wasu ƙananan ma'aikata da ido ba ya gani, su ma da furotin aka yi su, irin na farin ƙwai, kuma in zafi ya yi yawa sai su dahu su daina aiki har abada, kamar yadda dafaffen ƙwai ba ya komawa ɗanye. Na ce a raina, tsiron Inna! Ko shi ne? Hannuna ya fara tashi da kansa, ya kai kafaɗa, sai na ga bayan kawunan 'yan aji, na tuna duk za su juyo. Na maze na gyara hijabi.

"Hajara, tambaya ce?"

"A'a, Malam."

"To ƙuda kike kora?"

Aka yi dariya, na sunkuya na koma littafina. Ban sake ɗaga hannu ba har muka gama. Da sakamakon jarrabawa ya fito na ci komai, kemistiri ya kayar da ni, shi kuwa ake nema a makarantar koyon jinya da nake mafarki.

Ke ma haka kike, kada ki ce a'a. Na sha ganin ki da magana a baki kina tauna gefen mayafi. A can babu wanda zai bi ki ya ce ko tambaya ce. Ki zauna layi na biyu ko na uku, ki ɗaga hannun har sama, in muryar ta yi rawa ta yi. Dariyar aji kafin a tashi an manta da ita. Ni tambayar da na haɗiye sai da ta zauna a ƙirjina fiye da shekara ashirin.

Babana ya ce in sake zama jarrabawar. Na ce baɗi, bari in huta. A cikin hutun ne na raka Inna kasuwar Maigatari ran Alhamis, wani dogon saurayi da farar riga ya tare ni, wai don Allah ina ne layin 'yan riɗi. Na nuna masa ban ko ɗago kai ba. Sai daga baya na ji a Maigatari aka haife shi, kakansa ma riɗin yake sayarwa. In kin ga dama ki tambaye shi, har yau musu yake. Ban yi nadamar Abbanku ba ko na minti ɗaya, kuma kada ki taɓa zaton shi ya hana ni. Sau biyu yana karɓo mini fom ya ajiye a kan madubi. Na farko ina da cikinki, na ce baɗi. Na biyu ina yaye, na ce baɗi. Babu wanda ya rufe mini ƙofa, Ummi. Kowace shekara dalilina mai kyau ne, wanda duk ya ji zai ce Allah Ya yi albarka. Naki ma mai kyau ne, shi ya sa yake ba ni tsoro.

Ta uku kuwa a gabanki na yi ta, da girmana.

Da likita ya ce ina da suga, in rage zaƙi, na dawo gida da ƙarfina. Na daina sa suga a koko, na bar lemon kwalba, alewar madara ko an kawo ta biki ba na kallo. Har alfahari nake wa matan unguwa. Amma tuwo malmala biyu nake tashi da su, don a ganina ina ruwan tuwo da zaƙi? Kunun Inna kuwa kofi uku nake sha da rana tsaka, hankalina kwance, ai ni na haɗa da hannuna, na san babu suga a ciki. Kin sha cewa, "Umma, ki rage," a hankali, ƙasa ƙasa, ni kuma in ce, "Ke dai kawo mini miya." Har ranar famfo.

Kin tuna a asibiti, da na farfaɗo ina jan carbi ina cewa ni fa ban ci amanar likita ba? Kika miƙo hannu kika karɓi carbin.

"Umma, a gafarce ni, misali zan yi. Ki ɗauka kowace ƙwaya suga ce. In tana ita kaɗai harshe zai ji zaƙinta. In aka shirya dubbai a zare ɗaya sunanta sitaci, harshe ba ya jin komai. Gero, shinkafa, rogo, duk carbi ne. To yana shiga ciki sai a tsinke zaren, su watse a jini."

Na ce, "Tuwon nawa?"

"Tuwon naki, Umma. Gobe ki tauna burodi ki ƙi haɗiyewa, za ki ji ya fara zaƙi. Yawu ne ya fara tsinka shi tun a baki."

"To kunun Inna fa?"

"Shi ai tun a roba aka tsinke zaren. In gero zai tsiro yakan fito da 'yan ma'aikatan da za su tsinka masa sitacin ya ci. Inzayim ake ce musu. Inna aronsu take yi."

Na ce, "In aka zuba tsiron da zafi fa?"

Kika ce, "Haba Umma, ai furotin ne. Dahuwa zai yi kamar ƙwai."

Kin ga na juya fuska bango ina hawaye, kika ruga kiran nas, kin zaci jikin ne. Ba jikin ba ne. Tambayata ce ta ajin Malam Sabo, ga amsarta ta fito daga bakin yarinyar da na goya, cikin sauƙi, kamar mai faɗa mini ƙarfe nawa. Ashe daidai na canka tun ina layin baya. Ashe da na iya.

Kuma ke ce kika sa ni dariya kafin nas ta iso, da kika ce takarda da karan dawa su ma carbin ne, ƙullin zaren ne daban, cikinmu ba ya iya kwance shi, amma akuya tana da masu taya ta a tumbi. Ba ki san me ya sa na ƙyalƙyale har robar ƙarin ruwa na rawa ba. Inna tana da wata jar akuya mai kunne ɗaya. Na taɓa barin littafi a tabarma na je ɗauko ruwa, na dawo na tarar ta cinye shafukan ƙarshe tas, tana kallona tana tuƙa. Har yau ban san ko sun yi aure ba. Na yi kuka na kwana biyu ina tsine mata, ashe baiwar Allah zaƙi ta samu.

Yanzu ki dubi abin nan da kyau. Na ji bayanin likita, na ji na rediyo, bai shiga ba sai da kika riƙe carbi. Gwaggonki ta Gagarawa har yau cewa take ita ba ta shan zaƙi, fura kawai. Inna ma da nake tunani, ƙishirwar da ta yi ta fama da ita a ƙarshe, da gyambon ƙafar da ya ƙi warkewa muka yi ta cewa hannun mutane ne, anya ba wannan ciwon ba ne? Allah Shi ne masani. Amma in kin zauna kina auna mini tuwo, mutum ɗaya kika yi wa. Abin da ke bakinki ya fi ƙarfin tsakar gidan nan.

Sauran ƙananan maganganu. Tunda an ce ciwon nan yana bin jini, kada ki je can ki rayu kan taliyar leda da lemo. Ki nemi wake, ki nemi ƙwai da awara, na daka miki kuka da daddawa suna cikin shuɗiyar robar nan. Ki riƙa tafiya aji da ƙafa. Sallah a kan lokaci, ko da malami zai harare ki. Littattafan nan kuwa ba zan ce ki bari ba, da wane baki? Ki ɗauki biyu, kada ki sa su a cikin na karatu. Na san suna ƙarƙashin katifa ta wajen bango, kuma duk na karanta in kin tafi islamiyya, mai koren bangon nan ma ban ji daɗin yadda aka yi wa yarinyar ba. In wani ya tare ki yana tambayar hanyar da ya sani, ki nuna masa ki wuce. Mai gaskiya zai jira ki gama, kuma zai nemi hanyar Gumel.

Saura ɗaya. Ita ce na yi ta kewayawa tun farkon takardar nan.

Kin ce wa Abbanku babban abin da ya tsaya miki shi ne awon suga na safe. Wai Umma ba ta iya soka wa kanta 'yar allurar, hannunta rawa yake, shi kuma Abba yana fita aiki Gagarawa tun da sassafe, ga shi in ya ga jini sai ya nemi kujera. To ki yafe mini, Ummi. Na iya. Tun satin farko nas ta koya mini, na yi a gabanta sau biyu. Mace mai yanka kaza da ɗinkin hannu ce za ta ji tsoron tsinin da bai kai ƙaya ba?

Ke ce 'yar fari, ga sunan Inna a kanki. Yadda aka tashe mu, ba a wasa da ɗan fari, ba a jan shi a jiki a gaban mutane, ba a ko yabonsa. Tun da aka yaye ki kakarki ta wajen uba ta ɗauke ki ta yi shekara biyu da ke, da kika dawo kuma na riga na saba da kawar da kai. Ƙannenki sun hau cinyata har sun gaji, ke daga bakin ƙofa kike gaishe ni. An ce kunya ce, kuma an yabe ni a kanta. Sai ranar da aka kawo na'urar awon nan kika ce, "Umma, kawo hannunki." Kika riƙe yatsana kina murzawa don jini ya taru, kanki a sunkuye, ina kallon tsagar kitsonki. Na lissafa, rabon da hannuna ya daɗe haka a cikin naki tun kina koyon tafiya. Washegari da kika ce ko zan gwada da kaina, sai na ji bakina ya ce tsoro nake ji. Wata bakwai ina wannan ƙaryar kowace safiya, kuma ina jin daɗinta. Ban san tana ɗaure miki ƙafa ba sai jiya a bakin taga.

Yau da kika fita kai wa Gwaggo saƙo tasha na ɗauko na'urar na yi da kaina. Ɗan jan da kike gani a gefen takardar nan shi ne shaida, da gangan na dangwala. Na rubuta abin da ya nuna a littafin da kike rubutawa, ki je ki duba, rubutuna ne a ƙarƙashin naki. Gobe ma zan yi a gabanki, jibi ma haka. Tuwo malmala ɗaya, miya da yawa, kunun kuma na bar wa baƙi. Abbanku ya karanta wannan shafin kafin ke, ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa, sannan ya ce ba zai rubuta wa kowa komai ba, mota tana nan ran Asabar.

Don haka ki zuge jakar nan ki bar ta ta huta. Allah Ya kai ki lafiya Ya dawo mini da ke lafiya, Ya buɗe miki ƙirji, Ya sa ki fi ni ƙarfin hali, Ya kare ki daga sharrin hanya da na mutane da na zuciya. Na yafe miki duniya da lahira, ke ma ki yafe mini.

Ran Asabar zan raka ki har tasha. Zan riƙe hannunki tun daga ƙofar gida, a gaban kowa, babu allura babu dalili. In matan unguwa sun yi magana su yi. Ke dai kada ki zare.

Wassalam.

Ummanki.